Hannun Asibi Ungozoma

A zamanin da gyaɗa ke juya ƙasar Kano, akwai wani ɗan asibiti a wani gari tsakanin Gwarzo da Kabo. Ɗaki uku ne da baranda, rufin kwano, da wata tsohuwar tsamiya a bayansa. Ma'aikatansa ma uku ne. Akwai Malam Datti, babban malamin asibitin, shi ke ba da magani, shi ke yin allura, dattijo mai sanyin hali wanda gonarsa ta fi asibitin kwanta masa a rai. Akwai Nata'ala malamin kati, wanda ke zama a bakin ƙofa yana rubuta sunan duk wanda ya zo. Sai kuma Asibi ungozoma, wadda labarin nan nata ne.

Asibi 'yar Gwarzo ce, a birnin Kano ta koyo aikin, kuma ba da sauƙi ta samu shiga gidajen mutane ba. Matan Fulanin da suka zauna suka kama noma wajen Gammo da Dugabau ba su san a kira baƙuwa kan haihuwa ba. Mace takan shiga ɗaki ita kaɗai ta cije baki, ko nishinta ba a so a ji, sai dai a ji kukan jariri, ko kuma a ji shiru. Shirun nan Asibi ta tsana. Ta yi shekaru tana bin gidajensu a ƙafa, ta sha nononsu, ta taya su sussuka, ta bari suna yi mata dariya suna ce mata Kaɗo mai almakashi, wato Bahaushiya. A hankali aka fara aiko mata. Abin ya kai in ciki ya tsufa, miji da kansa zai zo ya tsaya a bakin asibiti yana sosa ƙeya, ya ce, “Malama, an ce in gaishe ki.” Ta san abin da gaisuwar take nufi, sai ta ɗauki akwatinta. Ba ta da gona, ba ta da saniya. Abin da take da shi a duniya shi ne matan ƙasar nan sun yarda ta taɓa su.

Wata damina sai wani tabo ya fito mata a bayan kafaɗa, fari-fari, faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Ta ɗauka kyasbi ne, ta yi ta shafa masa magani, ya ƙi tafiya. Ranar da ruwan zafi ya fallatsar mata a wurin ba ta ji komai ba, sai ta san ba kyasbi ba ne. Da likita mai zagaye ya zo daga Kano, ta jira aka watse, ta shiga ta nuna masa. Ya sa ta rufe ido, ya riƙa taɓa ta da auduga yana tambaya ko ta ji. Ko'ina ta ji, ban da kan tabon.

Ya ce mata farkon kuturta ne. Ya ce ta gode wa Allah da ta zo da wuri, domin irin wannan in ana shan ƙwaya ba ta kama wani, kuma ko yatsa ɗaya ba za ta rasa ba. Ya duba hannuwanta ciki da bai, ya ce ta ci gaba da aikinta. Sannan ya rubuta a kati, ya kira Malam Datti ya damƙa masa a gabanta, ya ce a sa a akwatin ƙarfen da ake kulle allurai, kada idon kowa ya gani sai su biyun. Malam Datti ya ce in Allah ya yarda. Tun daga nan, sau biyu a mako, Asibi takan shiga ɗakin Malam Datti ta tura ƙofa, ta haɗiye ƙwayarta, ta fito ta kama aiki.

Dalilin ɓoyewar ba sai an tambaya ba. Kowa a garin ya san yadda ake yi da kutare a asibitin nan, don a fili ake yi. Laraba ce ranarsu. Ba sa hawa baranda, ƙarƙashin tsamiya suke zama. Ba a miƙa musu abu hannu da hannu. Mutum zai tara tafinsa, a ɗaga hannu sama a sako masa ƙwaya ta faɗo ciki. Katinsa kuwa ajiyewa zai yi ya ja baya, sannan a ɗauka. Moɗarsu ta shan ruwa daban, an ɗaura mata jan ƙyalle. Likita ya sha faɗa cewa duk wannan tsoro ne kawai, amma likita wata-wata yake zuwa, Laraba kuwa kowane mako tana nan. Yaran garin ma in suna wasan asibiti, haka suke sako wa juna tsakuwa daga sama.

Shi kuma Nata'ala, Allah ya yi shi da son sanin abin da bai shafe shi ba. Ba mugu ba ne irin wanda zai tare ka a hanya. A'a, irin mutanen nan ne masu fara'a da doguwar gaisuwa, waɗanda in ka shigo da ƙunshi hankalinsu ba ya kwanciya sai sun san abin da ke ciki. Ya iya karanta rubutun likita, kuma da wannan yake taƙama a majalisa. Ƙofar nan da Asibi ke turawa ta hana shi sukuni. In ta fito sai ya bi ta da ido, ya ce, “Malama, an fito lafiya?” yana wani murmushi da ke sa ta ji kamar ta watsa masa ruwan wanke-wanke.

Kaka ta yi, aka buɗe cinikin gyaɗa. Gari ya rikice da jakuna da raƙuma da motoci, buhu a kan buhu a bakin sikeli, kowa na sauri kamar za a ƙwace masa. Malam Datti yana da tasa gyaɗar jibge a gida, jikinsa ne kawai a asibiti. Ranar kasuwa da hantsi ya ce zai leƙa sikeli ya dawo. A daidai lokacin Asibi ta fito da akwatinta, an aiko mata daga Gammo. Sai ta ga Malam Datti ya ciro makullai daga aljihu ya miƙa wa Nata'ala, wai ko za a kawo wanda maciji ya sara, a ciro magani. Ta tsaya cak. Ta buɗe baki, amma me za ta ce a gaban mutane? Ga mace can tana naƙuda. Haka ta tafi, hankalinta na kan akwatin ƙarfe har ta dawo.

Kullum da safe Nata'ala ne ke ba ta makullin ɗakin awon ciki. Washegari ta zo, baranda cike da mata, ta gaishe shi ta miƙa hannu yadda ta saba. Sai ya ja jiki baya kaɗan, ya ɗaga hannu sama, ya sako makullin ya faɗo mata a tafi.

Wata mata daga Kara da ke shayar da ɗanta ta dubi hannun Asibi, ta dubi ta kusa da ita, ta gyara wa ɗan zani. Asibi ta ji kamar an mare ta a tsakiyar kasuwa. Ta buɗe ɗaki ta shiga. Da ta fito da katunan matan za ta mayar masa, ya nuna mata gefen tebur da baki, ya ce, “Ajiye nan, Malama,” bai taɓa su ba sai da ta juya. Da azahar ta zo shan ruwa a randar ma'aikata, ta tarar ya sayo sabuwar moɗa ya rataye a ƙusa kusa da kujerarsa. Tsohuwar kuwa, wadda su uku suka yi shekaru suna sha da ita, ga ta can gefe. Ko kunya bai ji ba, jan ƙyalle ya ɗaura mata.

Labari bai kwana ba. Ranar awo ta gaba, barandar da ake rasa wurin zama mata huɗu ne ko biyar suka zo, su ma da ta miƙa hannu za ta taɓa ciki sai kowace ta riƙe bakin zaninta. Wata ta ce ita gaisuwa kawai ta shigo yi. Aka yi suna a gidan wani maƙeri, jaririn da Asibi ta yanke wa cibi da hannunta. Ta je barka, aka shimfiɗa mata tabarma ita kaɗai can wajen rumbu, aka ajiye mata tuwo a ƙasa, aka yi ta zagayawa da jariri hannu-hannu bai iso wajenta ba. Ba wanda ya ce mata kuturwa. Gaisuwa ma ƙaruwa ta yi, ina gajiya, ina aiki, yaya jiki, yaya ƙarfin jiki, duk daga nesa. Wannan gaisuwar ta fi zagi ƙona mata rai, domin zagi ana iya ramawa.

Ta jira aka tashi aiki, ta same su su biyu a ɗakin magani. Ba ta yi sallama ba.

“Nata'ala, wa ya ce ka buɗe katina?”

Ya yi wuƙi-wuƙi da ido. “Wane kati kuma, Malama?”

“Kada ka mayar da ni yarinya. Na girme ka, na riga ka zuwa asibitin nan. Wa ya ce ka buɗe?”

Ya dubi Malam Datti, Malam Datti ya dubi ƙasa. Nata'ala ya ce, “To, na gani. Kwalba na je ɗauka, kati ya faɗo.”

“Ya faɗo daga ƙarƙashin kwalabe, ya buɗe kansa, ya karanta maka kansa?”

“Malama, wallahi tallahi ban faɗa wa kowa ba. A kawo Alƙur'ani in dafa. Ko uwar 'ya'yana ban faɗa wa ba.”

Abin haushin shi ne gaskiya yake faɗa, kuma ta sani. Ta ce, “Ai da ka faɗa da baki da ya fi mini. Da sai in kai ka gaban alƙali a tambaye ka inda ka ji. Ka tsaya a gaban matan gari ka sako mini makulli irin na Laraba, ka ɗaura wa moɗa jan ƙyalle, sannan ka ce ba ka faɗa ba? Me ya rage ba ka faɗa ba?”

Da ya ga babu mafita sai ya miƙe wuya. “Ina da yara ƙanana, Malama. Randa ɗaya muke sha. In akwai waɗanda ya kamata su sani, ai mu ne da muke tare da ke. Kuma ni, tsakani da Allah, da na ga kullum kina shiga ɗakin Malam ana tura ƙofa, wani abu daban na zata. Na ce gara in tabbatar kafin mutane su fara magana, don mutuncin asibiti.”

Malam Datti ya ce, “Subhanallahi! Ni, Nata'ala?”

Asibi ta yi wata dariya wadda babu daɗi a cikinta. “Au, ashe abin kunya ka shiga nema, da ba ka samu ba sai ka ɗauko wanda ka tarar. To, kai da ka iya karatun likita, ba ka ga inda ya rubuta cewa ba ta kama kowa ba?”

“Na gani. Amma likita ba a randar nan yake shan ruwa ba.”

Ta juya wajen Malam Datti. “Malam, a gabana aka ba ka amanar nan. Ka rubuta wa likita abin da ya faru. Ya zo da kansa ya tsaya a barandar nan ya faɗa wa mutane gaskiya, wannan kuma a yi masa hukunci.”

Malam Datti ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Ya ce, “Asibi, a yi haƙuri. Abin da ya faru ya riga ya faru. In na rubuta, tambayar farko da za a yi mini ita ce yaya aka yi makulli ya bar hannuna. In ce ina sikeli? Saura kaɗan in ajiye aikin nan, 'yar nan. Ki bari in nema miki canji zuwa wani gari mai nisa, inda ba a san ki ba. Ki fara sabon zama.”

Haƙuri! A ƙasar nan wanda aka taka shi ake ba wa haƙuri, wanda ya yi takun kuwa sai a ce ya je gida ya huta. Shekarun da ta yi tana bin gonaki da ƙafa, ƙaya da rana da dariyar tsofaffi, duk ta tattara ta bar su, don wani ya ji ƙaiƙayin buɗe akwati, wani kuma ya ji ƙaiƙayin sikeli. Ta ce, “Ba inda zan je. Ni ban buɗe akwatin kowa ba.” Ta fita baranda, ta kwance jan ƙyallen ta jefa a kan teburin Nata'ala. Ta ciro sabuwar moɗarsa daga ƙusa, ta kamfaci ruwa ta sha a gabansa har ya zubo mata a haɓa, ta mayar ta rataye. Washegari ya sayo wata, ya riƙa ɓoye ta a aljihun riga.

Cikin matan da suka daina zuwa awo, ɗaya ce ta fi tsaya mata a rai. Hajjo 'yar Baffa Jalo, cikin fari, ta dawo gidan iyayenta wajen Dugabau don haihuwa kamar yadda ake yi. Yarinya ce 'yar firit, kuma tun awon ƙarshe Asibi ta ji ɗan a zaune yake, kansa na sama. Ta ja wa mutanen gidan kunne a lokacin, ta ce da ciwo ya fara a aiko mata, kada a jira. Da ta ga shiru sai ta tafi da kanta. Uwar Hajjo ta rasu tun tana ƙarama, ƙanwar ubanta ce ta riƙe ta, Gwaggo Indo, tsohuwa mai kaifin ido wadda a da takan tari Asibi da ƙwaryar nono tun daga bakin danga. Ranar ma a bakin danga ta tare ta, amma hannunta a goye a baya.

“Sannu da zuwa, Malama. Ina gajiya? Yaya mutanen gari? Yaya jiki?”

“Lafiya lau, Gwaggo. Hajjo na zo gani.”

“Ayya, barci take yi.”

“Zan jira ta tashi.”

“Ai barcin masu ciki ba a san ranar tashinsa ba, Malama. Zan faɗa mata kin zo. Ki gaida gida.”

Daga inda take tsaye Asibi na jin daka a cikin gida, kuma ta san sautin dakan Hajjo. Ta ce, “Gwaggo, ɗan nan ba daidai yake kwance ba. Ko ba kwa so na, ku kai ta Kano.” Tsohuwar ta ce Allah na nan. Asibi ta juya, ta yi ta zagin Nata'ala a ranta har ta iso gari.

Bayan kwanaki, wata ranar Alhamis da hantsi, sai ga Baffa Jalo a bakin asibiti yana jan jaki. Bai hau baranda ba, bai ce an ce ya gaishe ta ba. Rigarsa ta jiƙe da gumi, leɓɓansa sun bushe.

“Malama, tun jiya ne. Ƙafa ce ta fito.”

“Tun jiya! Baffa, tun jiya, sai yanzu?”

Ya sunkuyar da kai. “Indo ce ta ce a jira.”

Maganar da ta zo mata baki ita ce su je su nemi mai hannu mai tsabta. Ta haɗiye ta, don ba Baffa Jalo ne ya cancanci ya ji ta ba. Ta ɗauko akwatinta. Da ta zo wucewa ta gaban tebur ta tsaya, ta ɗaga murya yadda duk baranda za ta ji. “Malamin kati, ka ji aikinka. Taso mu je ka ciro ɗan, tunda kai ne hannunka ba ya da komai.” Nata'ala ya duƙufa yana rubutu kamar ba da shi ake ba.

Ɗakin da Hajjo take ciki ya cika da mata da hayaƙin turare da warin saiwoyin da aka yi ta ba ta. Tana durƙushe a kan tabarma, ta riƙe ginshiƙi, idanunta sun faɗa. Ko yanzu ba ta kuka, leɓenta na ƙasa dai ya fashe don cizo. Da Asibi ta shigo matan suka dare, kowace ta manne da bango. Ta ce a kawo ruwan zafi a ƙwarya, aka kawo aka ajiye a bakin ƙofa. Tana wanke hannu da sabulu har gwiwa, sai ga Gwaggo Indo ta turo mata wasu tsummoki a kan faifai.

“Malama, ki naɗe hannunki da wannan tukuna.”

Asibi ta dubi tsummokin, ta dubi tsohuwar. Safar hannu ta roba ta asibiti ta daɗe da yagewa, ba a aiko da wata ba, amma ko tana da ita a ranar da wuya ta sa. “Da tsumma zan shiga jikin 'yarki, Gwaggo? So kike in kashe ta? Ko ku bar ni in yi aikina yadda na saba, ko in ɗauki akwatina. Ki zaɓa, amma da sauri.”

Tsohuwar ba ta hana ba. Asibi ta durƙusa. Ta kwantar da Hajjo, ta yi mata magana a hankali irin yadda ake lallashin maraƙi, ta laluba ta samo ɗaya ƙafar da ta naɗe a ciki, ta sauko da ita. Daga nan sai jira da dabara, jiki ya fito, kafaɗa ɗaya, sannan ɗayar. Kai ne ya tsaya. Ta ce wata ta zo ta danna mata ƙasan cikin, matan suka dubi juna, ba wadda ta motsa. Ta daka musu tsawa, “Cikin Hajjo za ku taɓa, ba ni ba!” Sannan wata ta matso tana karkata jiki, ta danna. Asibi ta sa yatsa a bakin ɗan ta sunkuyar da kansa, ta ja da bismillah, sai ga shi ya sulluɓo a hannunta.

Namiji ne, amma shiru, jikinsa sakwaf. Wata ta fara salati. Asibi ta share masa baki da ɗan yatsa, ta kifa shi a tafinta tana murza bayansa, ta hura masa iska, ta sake murzawa, gumi na ɗiga daga hancinta. Ya yi wani ɗan tari, ya ja numfashi, sannan ya tsala kuka har kajin tsakar gida suka watse. Matan suka hau hamdala. Ta ɗaure cibi ta yanke, ta jira mabiyiya ta faɗo, ta duba jini ta ga ya tsaya. Sai ta miƙe da jariri a hannu biyu, ta miƙa wa Gwaggo Indo, don babbar gida ake fara ba wa.

Gwaggo Indo ta ja da baya. Ta kwance zanin kafaɗarta ta shimfiɗa a ƙasa a tsakaninsu, ta nuna da hannu.

“Sannu, Malama. Allah ya saka da alheri. Ajiye shi nan.”

Hannun da ya ciro shi, hannun da ya murza shi har ya yi numfashi, shi ne ba za a karɓi yaro daga cikinsa ba. Asibi ta ce, “Ba zan ajiye shi a ƙasa ba. Ɗan mutum ne, ba buhun gyaɗa ba ne. Wadda take son sa ta zo ta karɓe shi daga hannuna.”

“Haba, Malama, ba faɗa ba ne. Ki ajiye mu ɗauka, ai duk ɗaya ne.”

“In duk ɗaya ne ki karɓa.”

Asibi ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ga Asta, wadda ta karɓar wa 'ya'ya uku. Ga Uwaliya, wadda ta tsayar wa jini a wannan gidan bara. Kowace ta sami abin kallo a ƙasa. Yaron na rawar sanyi, ta san ya kamata a rufe shi, ta kuma san in suka ƙi, ita ce za ta sunkuya, don ba za ta bar jariri ya sha iska saboda zuciyarta ba. Wannan sanin ya fi komai ba ta haushi. Har ta fara sunkuyawa.

Sai ta ji motsi a bayanta. Hajjo ce ta dogara da gwiwar hannu ta tashi zaune, fuskarta ta yi fari fat, ta miƙo hannu biyu.

Mata suka ja numfashi. Ɗan fari ne, uwa ba ta kallon sa a gaban manya, balle ta miƙa hannu ta nema. Kawar da kai take yi, sai an yi ta fama da ita kafin ta yarda ta ba shi nono. Gwaggo Indo ta tafa hannu. “Ke, Hajjo! Ɗan fari ne fa! A gaban mutane? Ina kunyarki?”

Hajjo ba ta ɗaga ido ba, ba ta kuma sauke hannu ba. Murya can ƙasa ta ce, “Gwaggo, ai hannun nan daga cikina ya fito yanzu.”

Asibi ta durƙusa ta sa mata yaron a hannu, tafi a kan tafi, ba ta janye ba sai da ta ji nauyinsa ya koma can. Hajjo ta rungume shi, ta ja bakin zaninta ta rufe shi.

Asibi ta wanke almakashinta ta mayar a akwati, ta faɗa wa Hajjo abin da za ta yi in jini ya dawo, ba ta dubi sauran ba. Ruwan da ta wanke hannu a ciki kuwa, ita ta ɗauka ta kai bayan danga ta zubar, don ba wadda ta motsa ta taɓa ƙwaryar.